KA GYARA ƘOFAR GIDANKA, AMMA KADA KA ƊANA WA JAMA'A TARKO

Wannan jawabi wani tsohon magini ne ya gabatar da shi ga ɗaliban azuzuwan manya na Dutsin-Ma da Kurfi, maza da mata. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗa, domin wanda bai samu zuwa ba ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.



Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanku da zuwa. Na ga waɗanda suka taso tun daga Kurfi da ƙauyukanta. Na ga na cikin garin Dutsin-Ma. Allah ya saka muku da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ni magini ne. Na fara sana'ar nan ina yaro, ina cuɗa ƙasa da ƙafa, ina miƙa tubali. Daga baya na koyi aikin bulo da siminti. Yau ba maganar babban gini zan yi muku ba. Zan yi magana ne a kan wani ɗan wuri wanda bai fi faɗin tafin hannu ba. Wurin nan shi ne inda sabon daɓen ƙofar gida ya haɗu da hanyar da jama'a suke bi. Ƙaramin wuri ne, amma ya kwantar da mutane da yawa.

ABIN DA HANNUNA YA JAWO

Bari in fara da laifin kaina, don kada ku ce ina zargin wasu.

Shekarun baya wani mutum ya sayar da amfanin gonarsa, ya samu kuɗi. Ya kira ni ya ce in zuba masa siminti a ƙofar gida. Ya ce in ɗaga shi kaɗan, don kada ruwa ya shigar masa zaure. Na zuba, na goge shi sumul kamar faranti. Da na gama, bakin simintin ya fi hanya tsawo da yatsa biyu. Na duba na ce, wannan ai ba komai ba ne. Na karɓi kuɗina na tafi.

Damina ta zo. Ruwan indararo ya yi ta kwashe ƙasar da ke gindin simintin. Kafin kaka, yatsa biyu ya koma yatsa huɗu.

A lungun akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Tun tana amarya take bin hanyar nan. Ƙafarta ta san ko'ina a wurin, ko ido rufe. Wata rana bayan magariba ta fito za ta je barkar haihuwa. Ƙafarta ta san tsohuwar hanya, ba ta san sabon siminti ba. Ta yi tuntuɓe, ta faɗi a kan ƙugunta. Ƙashi ya karye.

Aka kai ta asibiti a Katsina. 'Ya'yanta suka sayar da tumakinsu. An yi iyakar ƙoƙari, amma ba ta sake taka ƙafarta zuwa kasuwa ba. Sana'ar daddawa ta tsaya. Jikokin da take saya wa sabulu da littafi suka rasa mai saya musu.

Da labari ya iske ni, sai na ɗauki guduma na koma. Na fasa bakin simintin, na mai da shi gangara. Jama'a, kun san nawa gyaran ya ci? Siminti kwano ɗaya, da aikin rabin yini. Abin da na ƙi yi ke nan tun farko. Har yau idan na bi ta lungun, sai in sunkuyar da kai.

TUNTUƁE BA WASA BA NE

Hausawa suna cewa tuntuɓe gushin gaba. To, wannan ga yaro ne. Yaro ya faɗi ya tashi ya karkaɗe riga. Tsoho kuwa ƙashinsa ya yi rauni, musamman mata idan shekaru sun ja. Faɗuwa ɗaya tana iya zama ajali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutum kimanin 684,000 ne suke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa. Fiye da 80 cikin 100 na waɗannan suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, irin tamu. Waɗanda suka fi mutuwa su ne waɗanda suka haura shekara 60. Hukumar ta ce a cikin haɗurran da ke kashe mutane ba da gangan ba, haɗarin hanya ne kaɗai ya fi faɗuwa kisa.

Wani zai ce, yaya ɗan tudu kamar yatsa zai ka da babban mutum? Ga dalili. Idan kana tafiya, ba ka ɗaga ƙafa sama kamar soja a fareti. Masu binciken tafiyar ɗan Adam sun auna, sun ga a tsakiyar taku yatsun ƙafa suna wucewa dab da ƙasa. Tsakaninsu da ƙasa rabin inci ne ko ɗan fiye da haka. Tsoho da mai gajiya da mai silifa, ƙafarsu har jan ƙasa take yi.

Shi ya sa ƙaramin tudu ya fi babba mugunta. Babban dakali kana ganinsa ka kauce. Ƙaramin baki ido ba ya kula da shi, sai ƙafa ta same shi.

ME YA SA ABIN YA YI YAWA YANZU?

Da can daɓe a ɗaki da tsakar gida ake yinsa. Mata su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su buga da madaɓi. Ƙofar gida kuwa ƙasa ce, daidai da hanya. Sai dai ɗan dakali a jikin bango, inda dattawa suke zama.

Yanzu zamani ya sake. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 garuruwanmu suke ta girma. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, gine-gine suka ƙaru ƙwarai. Ga gidajen haya na ɗalibai, ga shaguna. Ku duba bakin titin da ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi ya shigo Dutsin-Ma. Wannan ya zuba kankare a gabansa. Wancan ya jera intalok, wato ƙananan bulon nan da ake shimfiɗawa a ƙasa. Na gaba ya manna tayil. Abu ne mai kyau. Yana rage taɓo da ƙura, yana ƙara tsabta. Ba wanda ya hana.

Matsalar ita ce kowa da nasa awon. Kowa yana tsoron ruwan Agusta. Wannan ya ɗaga ƙofarsa, ruwa ya koma wa maƙwabci. Maƙwabci ya ji haushi ya ɗaga tasa ta fi. Na uku ya ɗaga ta fi ta biyun. Kafin ka ankara, lungu ya zama hawa da sauka kamar kunyar gona.

Su wa suke shan wahala? Tsofaffi masu dogara sanda. Makafi. Masu keken guragu. Mace mai ciki da mai goyo. Yarinya mai talla, wadda faranti ke kanta, ba ta iya duban ƙasa. Ɗan ga-ruwa mai tura kura. Mai fita da asuba cikin duhu. Ran Laraba kuwa, ranar kasuwar Dutsin-Ma, baƙi suna cika gari da kaya a ka, ba su san inda tarkon yake ba.

MAGANA ƊAYA DA ZA KU RIƘE

Idan kun manta duk abin da na faɗa yau, ku riƙe wannan: inda daɓenka ya haɗu da hanya, su zama daidai wa daida. Duk wani hawa, duk wata sauka, su zauna a cikin filinka. Kada ko ɗaya ya fito kan hanya.

A Amurka akwai dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta shekarar 1990. Ƙa'idojin ginin da aka yi a ƙarƙashinta sun ce tudun da za a bari a tsaye a kan hanyar ƙafa kada ya wuce rubu'in inci. Rubu'in inci kusan kaurin fensir ne. Idan ya wuce haka, sai an kwantar da bakinsa. Idan ya wuce rabin inci, sai an yi masa gangara sosai. To, mu ma mu ɗauki awon fensir. Kowa yana da fensir a gida.

Yanzu ga yadda ake aikin, ɗaya bayan ɗaya.

NA ƊAYA: SAN IYAKARKA

Kafin ka sayi siminti ko buhu ɗaya, ka san inda filinka ya tsaya. Bangon gidanka ba ya ba ka hanyar da ke gabansa. Ka duba takardar filinka idan kana da ita. Idan babu, ka kira mai unguwa da maƙwabtanka na dama da hagu, ku tsaya a wurin tare. Idan a bakin titi kake, ko akwai kwatar gwamnati a gabanka, ka je sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ka tambaya.

Ka bar hanya da faɗinta. Awon da iyayenmu suka bar mana shi ne makara. Idan mutane ɗauke da makara ba za su wuce ta lungu cikin natsuwa ba, to an ci hanya. Kuma makarar nan, wata rana mu za a ɗauka a ciki.

NA BIYU: FARA AWO DAGA HANYA

Kuskuren da magina suka fi yi shi ne fara awo daga bakin zaure. Suna zuwa hanya sai su ga aiki ya yi tudu, su yanke shi a nan su tafi. A'a. Ka fara daga hanya. Ka kafa turke biyu a kan iyaka, ka ɗaura igiya daidai da fuskar hanya. Wannan igiya ita ce saman aikinka a wurin.

Ma'anar haka ita ce sai ka haƙa ƙasa. Kada ka ɗora daɓe a kan ƙasa yadda ka same ta. Ga misali da intalok. Kaurinsa na hanyar ƙafa kusan inci 2 da rabi ne. A ƙarƙashinsa akwai yashi kamar inci 1 da rabi. A ƙarƙashin yashi akwai burji ko tsakuwa inci 4. Ka haɗa, ka ga kimanin inci 8 ke nan. To, inci 8 za ka haƙa a bakin hanya, sannan idan ka gama saman aikin ya zo daidai da igiya.

Ka daddanne burjin da kyau, kana yayyafa ruwa. Idan ƙasa ba ta dannu ba, bayan damina ɗaya wani bulo zai nutse wani ya taso. Ka ga tarko ya zama goma maimakon ɗaya.

NA UKU: GANGARA MAI SAUƘI

Idan bakin zaurenka ya fi hanya tsawo, sai ka yi gangara. Awonta mai sauƙi ne. Kowane inci 1 na tsawo, a ba shi ƙafa 1 ta nisa. Idan ƙofa ta fi hanya da inci 4, gangara ta yi ƙafa 4. Idan ta fi da inci 6, gangara ta yi ƙafa 6. Irin wannan gangara mai keken guragu yana iya hawa, tsoho yana iya sauka.

Ina jan kunnen masu babur. Da yawa suna yin 'yar gajeriyar gangara mai tsini don shigar da babur, ta fito ta tsaya a tsakiyar hanya. Mai babur ya ji daɗi, mai tafiya a ƙasa ya sha kaye. Domin shi ta gefe yake zuwar mata, gefen kuwa a tsaye yake kamar bango. Idan za ka yi gangara, ka kwantar da gefunanta biyu su ma.

NA HUƊU: IDAN BABU FILIN GANGARA

Wani gidan ƙofarsa a bakin hanya take, ba wurin gangara. To, matakala ta koma cikin zaure. Gara ka rasa ƙafa biyu na zaurenka da ka ci ƙafa biyu na hanyar jama'a.

Tsawon kowane mataki ya zama inci 6 ko 7. Faɗinsa ya ɗauki tafin ƙafar babban mutum gaba ɗaya. Idan matakan sun fi ɗaya, su zama tsawo ɗaya. Ƙafa tana koyon mataki na farko, tana zaton na biyu ma haka yake. Idan ya bambanta, sai faɗuwa. Ka shafa farin fenti a bakin kowane mataki, don a gan shi da dare.

NA BIYAR: BINNE BAKIN AIKI

Wannan shi ne abin da ya ka da tsohuwar da na ba ku labari. Yawancin hanyoyinmu ƙasa ce. Siminti ba ya motsi, amma ƙasa tana tafiya. Ruwa ya kwasa, iska ta kwasa, tsintsiya ta kwasa. Ko ka yi aiki daidai da hanya bana, baɗi za ka ga bakin ya fito.

Maganinsa shi ne kada bakin aikin ya tsaya a saman ƙasa. Ka haƙa ɗan rami a tsawon bakin, zurfin inci 6. Ka sunkuyar da kankaren ya shiga ramin a kwance, kamar yadda gaɓar rafi take shiga ruwa. Sannan ka mai da burji da ƙananan duwatsu a kai, ka danne. Allah ya hore mana dutse a ƙasar nan, ba sai an saya da tsada ba. Idan ƙasa ta zaizaye, abin da zai fito gangara ce, ba baki mai kaifi ba.

Idan intalok ne, dole a riƙe layin ƙarshe da kankare ko bulon gefe. In ba haka ba, za su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Amma shi ma bulon gefen a binne shi, kansa ya zo daidai da hanya a duk inda ƙafa take bi.

NA SHIDA: BA RUWA HANYARSA

Kowane daɓe yana bukatar ɗan karkata don ruwa ya wuce. Inci 1 a kowace ƙafa 4 ya isa. Ruwan ya nufi kwata, kada ya nufi zaurenka, kada ya nufi bangon maƙwabci.

Ka duba indararonka. Idan yana zuba a bakin daɓe, zai haƙa rami a wurin. Ka jera duwatsu a inda yake zuba, ko ka sa masa bututu ya sauko har ƙasa.

Iyayena mata, ga naku. Ruwan wanka da na wanke-wanke da ke fita ta rariya, idan yana kwanciya a kan siminti, gansakuka za ta fito. Gansakuka ta fi sabulu santsi. Ku matsa wa masu gida su haƙa rami a cika shi da duwatsu, ruwan ya riƙa nutsewa a ciki. An huta da santsi, an huta da sauro.

NA BAKWAI: KADA A GOGE SUMUL

Simintin waje ba na ɗaka ba ne. Kada ka bari magini ya goge shi yana ƙyalli. Kafin ya bushe, a ja tsintsiya a kansa, ta bar masa ƙananan layuka. Layukan nan su ne suke riƙe ƙafa ranar ruwa.

Tayil mai sheƙi na cikin ɗaki ne. Wanda ya sa shi a ƙofar shago, ran da aka yi ruwa zai ga masu sayayya suna zubewa. Idan dole sai tayil, a nemi mai kaushi na waje.

Kwaɓi kuma a yi shi da ƙarfi. Buhun siminti 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Kaurin kankare ya kai inci 4. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Wanda ya rage siminti don araha, bakin aikinsa zai ɓantare ya bar kaifi. Araha ba ta ado.

NA TAKWAS: MURFIN KWATA

Idan akwai kwata tsakanin gidanka da titi, za ka bukaci murfi. Murfin ya zama na kankare mai rodi a ciki. Ya zauna daram, ba ya rawa. Samansa ya zo daidai da hanya ta kowane gefe. Tsakanin murfi da murfi kada a bar tsagar da sandar makaho ko ƙafar yaro za ta faɗa. Kan rodi kada ya leƙo waje, a lanƙwasa shi ko a yanke.

Kada ka cike kwata da ƙasa don ka samu wurin wucewa. Kada kuma ka rufe ta ruf yadda ba za a iya yashe ta ba. Kwatar da ta toshe, gidanka za ta fara ci.

NA TARA: BISHIYA

Bedi, wato darbejiya, inuwarta ni'ima ce a ƙofar gida. Kada ka sare ta don daɓe. Amma kada ka kai siminti har gindinta. Saiwa tana girma, tana ɗaga kankare tana fasa shi. Ka bar mata fili kewaye da gindi, kamar taku ɗaya ta kowane gefe. Ita ta sha ruwa, kai aikinka ya daɗe.

NA GOMA: RANAKUN AIKI

Haɗari ba ya jiran a gama aiki. Tulin yashi, jerin bulo, ramin da aka haƙa, igiyar awo, duk tarko ne da dare. Ka tara kaya a gefe ɗaya, ka bar wa mutane wurin wucewa. Da yamma a kwance igiya, a rufe rami da katako mai ƙarfi. A sa wata alama mai haske, ko farin buhu ne. Idan akwai makaho a unguwa, ka je da kanka ka gaya masa an sauya wuri kaza. Ran da aka gama, a kwashe ragowar kaya a ranar.

WANDA YA RIGA YA YI FA?

Na san wasunku suna cewa a zuci, mu ai mun riga mun zuba. Ba a makara ba. Idan kun koma gida, ku yi gwaji uku.

Gwaji na farko, fensir. Ka kwantar da fensir a kan hanya, a jikin bakin daɓenka. Idan bakin ya fi fensir tsawo, akwai gyara.

Gwaji na biyu, baro. Ka sa yaro ya turo baro da kaya daga hanya ya hau daɓen. Idan taya ta tsaya sai an ɗaga, to ƙafa ma za ta tsaya.

Gwaji na uku, dare. Ka bi wurin bayan isha ba fitila, kana jan ƙafa kamar tsoho. Abin da ƙafarka ta gaya maka shi ne gaskiya.

Wajen gyara, kada ka shafa siririn siminti a kan tsohon baki. Ba zai kwana biyu ba zai ɓare. Ka farfasa bakin da guduma ya yi kaushi. Ka wanke ƙura, ka jiƙa shi. Ka haƙa ramin nan na inci 6 a gabansa, sannan ka zuba sabon kwaɓi ya gangara ciki. Idan babu kuɗin siminti yanzu, ka zuba burji ka danne ya zama gangara. Ya fi a bar shi haka nan.

Kowace shekara, bayan ɗaukewar ruwa, ka sake gwajin fensir. Kamar yadda ake yaɓen katanga kafin damina, haka za a riƙa duba bakin daɓe bayanta.

IDAN WANI YA FAƊI

Idan tsoho ya faɗi ya kasa tashi, kada ku fizge shi ku tsayar. Idan yana kukan ƙugu, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ku ɗauka ƙashi ya karye. Ku kwantar da shi a kan abu mai faɗi mai ƙarfi, ku kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Karayar ƙugu ba ta jan ƙafa ba ce. Idan kuma kai ne ya bugu, mutum yana amai, ko yana yawan barci, ko maganarsa ta rikice, kada a jira gari ya waye.

HAƘƘIN HANYA

A ƙarshe, jama'a, hanya ba ta mutum ɗaya ba ce. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara. Ba wanda aka ba hanya ta zama tasa. Akwai kuma dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Ta ce a yi hanyoyin ƙafa na gefen titi yadda makafi da masu keken guragu za su iya bi.

Tun kafin dokar gwamnati ma, malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. To, ina ga wanda ya kawo abin cutarwar da kuɗinsa, ya kafa shi da siminti?

Shawarata ga masu unguwa ita ce, idan mutum zai gyara ƙofarsa, a tara mutanen layin. A ja igiya ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshensa. A yarda da awo ɗaya, a yarda da inda ruwa zai bi. Kowa ya tashi aikinsa, ko bana ko baɗi, ya bi wannan awon. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan kuma bakin daɓen maƙwabcinka ne yake ka da mutane, kada ka je da faɗa. Ka yi masa sallama, ka ce, Malam, zo mu duba wurin nan tare. Ka ɗauki fensirinka. Yawancin mutane ba mugunta ce ta sa su ba, rashin sani ne. Ni shaida ne.

'Yan'uwana magina, ku ne a gaba. Mai gida bai san awo ba, ku kuka sani. Idan ya ce ku ɗaga, ku nuna masa yadda za a ɗaga a cikin filinsa. Idan ya ƙi, ku yi masa bayani har ya gane. Tun ran gini ran zane. Kada ku jira sai kun koma da guduma kamar yadda na koma.

Allah ya ba mu ikon gyarawa. Allah ya tsare tsofaffinmu da yaranmu. Allah ya sa ƙofofin gidajenmu su zama wurin sallama, ba wurin salati ba.